Gonar Shata

Manomin ƙasar Funtuwa ba ya sauya gona don kasuwa ta sauya, iri yake sauyawa. A zamanin kakanni auduga ce sarauniya daga Bakori har Malumfashi, ana kai ta gidan gurza, jirgin ƙasa ya kwashe. Da shirin bunƙasa noma na Funtuwa ya zo a tsakiyar shekarun 1970 da tallafin Bankin Duniya, takin zamani ya wadata, sai masara ta mamaye kunya. Yau ga waken suya a gefe. Amma jigawar nan ita ce dai ta jiya, kuma mai ita ya san inda ruwa ke kwanciya da inda ƙuduji ke tsirowa. Da wannan idon nake sauraron Alhaji Mamman Shata, wanda shi kansa manomi ne a Funtuwa.

An haife shi a Musawa a 1923, a gidan da ba a gaji kiɗa ba. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, don a wurinsa roƙo ne. Shata ya yi tallan goro, ya yi na alewa, da dare kuma ya fita dandali cikin samari. Wannan asalin ya yi masa rana. Makaɗan fada irin su Narambaɗa a Isa suna da ubangida ɗaya, da take ɗaya da ake jira su kaɗa, kamar mai noma a gandun sarki: komai ƙwarewarsa, ba shi ke zaɓen abin da za a shuka ba. Shata gonarsa ya sara da hannunsa. Ya zauna Bakori, garin auduga da gyaɗa, tauraronsa ya haska a Kano a 1952 wajen bikin 'ya'yan sarki, sannan ya kafa gida a Funtuwa a 1960. Ya yi iyayen gida da yawa, har da Sarkin Daura Muhammadu Bashar wanda amincinsu ya kai ƙarshen rai, amma babu wanda ya ɗaure shi a ƙofar fadarsa.

Ƙasar gonar kuwa ba ta taɓa sauyawa ba: kalangai, 'yan amshi, da wannan murya. Amshinsa gajere ne, layi ɗaya ko biyu, ana maimaita shi har ya zama kamar kunya miƙaƙƙiya. A kansa ne yake zuba abin da ya ga dama, nan take, ba rubutu ba bita. Nan ne gwanintar take, kuma nan ne masu cewa waƙoƙinsa duk kama ɗaya ne suke kuskure. Wanda ya leƙa gona daga bakin titi kore kawai yake gani. Sai ya shiga zai ga inda aka yi ƙari, inda aka bar tazara, inda kalangu ya ja baya don magana ta yi nauyi, inda Shata ya saki amshin ya bi wani zance har ka ce ya ɓace, sai ga shi ya dawo daidai kan bugun.

Abin da ya riƙa sauyawa shi ne irin. Waƙoƙin samartaka sun ba da wuri ga na sarakuna da attajirai da direbobi. Rediyo da faifai, daga baya kaset, suka kai muryarsa gidajen da bai taɓa takawa ba, shi ma ya faɗaɗa abin da yake shukawa. Lokacin yaƙin basasa ya yi wa soja waƙa. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar kumbon Apollo 11 da kalangun nan dai da yake yi wa Sarkin Dogarai Hassan. Bakin da ya rera "A Sha Ruwa" shi ya rera "Na Tsaya ga Annabi Muhammadu". Akwai masu jin nauyin haɗa waɗannan biyu, ni kuwa ina ganin rabuwa da ɗayarsu rage mutumin ne, domin duka a gonarsa suka fito, a damuna daban-daban. Zambo ma ya shuka, kuma "Gagarabadau" shaida ce cewa ƙayarsa na da tsini.

Inda na fi daɗewa ina saurare shi ne "Bakandamiya". Ba sau ɗaya ya yi ta ba. Ya yi ta maimaita ta tsawon shekaru, kowane karo da sababbin garuruwa da sababbin mutane da sabon kirari, yadda ake komawa fili ɗaya kowace shekara amma ba a taɓa girbe dami iri ɗaya ba. Ka jera ɗauka biyu ko uku ka ji: a ta ƙuruciya murya na gudu tana neman wanda zai tare ta, a ta manyantaka ta yi kauri, ta rage sauri, ba ta neman shaidar kowa.

Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura. Matasan mawaƙanmu na yau sun fi shi kayan aiki nesa ba kusa ba, ɗaki ɗaya da kwamfuta sun isa a fitar da waƙa cikin dare. Abin da ke damuna shi ne da yawansu kiɗan da mai sutudiyo ya haɗa wa mutum goma suke hawa, kuma ko hasken manomi ya kai ina, ba ya zuba takin gida a gonar haya.