Addini ke ɓata duniya? Mu duba Galmi

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, da 'yan'uwa na ƙetare, ba mu manta Janairun 2015 ba, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai kan zanen wata jaridar Faransa, aka rasa rayuka. Amma asibitin Galmi, da mishan SIM ta buɗe a 1950, shi ma addini ya kafa shi.

Kiristoci na cewa ceto kyautar Allah ce ga wanda ya gaskata Yesu Almasihu ya mutu kan gicciye don zunubansa, ya tashi. Aikin alheri, a wurinsu, godiya ce, ba kuɗin sayen Aljanna ba. Musulunci bai yarda an gicciye Annabi Isa ba. Saɓanin na nan, amma a Galmi layi ɗaya muke bi wurin likita.