Kafin Ka Sayi Sabuwar Sitata, Duba Wayar At

Damina ta bana ta koya wa wani maƙwabcina direban tasi a nan Kumasi darasi mai tsada. Ya murɗa makulli da asuba, mota ta ce ƙas, ta yi shiru. Ya sayi sabon batir, bai ga canji ba. Ya canza sitata, haka nan. Kwana 3 bai fita aiki ba, ga iyali, ga kuɗin mai mota. Ashe wata gajeruwar waya ce tsatsa ta ci.

Kamar yadda nake gaya wa ɗalibaina, wutar lantarki ba ta aiki sai ta je ta dawo. Waya mai kauri ce ke kai wuta daga kan batir mai alamar tarawa zuwa sitata. Hanyar dawowa kuwa ƙarfen inji ne, sannan wayar da makanikai ke kira at, wadda ta haɗa inji da jikin mota da kan batir mai alamar debewa. Batirin ƙaramar mota volt 12 ne kacal, amma sitata takan ja fiye da amfiya 100. Saboda haka ɗan tsatsa ko sakin noti ya isa ya tare hanya.

Alamominsa su ne inji ya juya da ƙyar, ko ya tashi yau ya ƙi gobe, ko wayar at ta ɗau zafi.

Gwajin ba wuya. Ka fitar da giya, ka ja birkin hannu. Ka ɗauko wayar jona batir guda ɗaya, ka maƙala baki ɗaya a kan debewa, ɗayan a tsirarar ƙarfen inji, nesa da fanka. Murɗa makulli. In mota ta tashi garau, laifin at ne.

Wajen gyara, fara kwance kan debewa. Goge bakunan wayar da mazauninsu da sanfefa har su yi ƙyalli, ɗaure tam, sannan ka shafa giris a kai. In wayar ta zagwanye, a sake ta.

Kada a yi sakaci, 'yan'uwa. Wutar da ta rasa hanyarta takan bi ta wayar totur ko ta kuloci, ta gasa su, har ta kai ga gobara. Kafin ka nufi Suwame sayen kaya, ka ce wa makanikinka ya fara duba at.