Alamar Jikin Famfon Mai Da Lafiyar Tsofaffin Motoci

A watan Satumba na 2021 ne hukumomin Birtaniya suka canja man fetur na yau da kullum da ake sayarwa a gidajen mai. Sabon man, wanda aka laƙaba wa suna E10, yana ɗauke da sinadarin itanol har kashi 10 cikin 100, maimakon kashi 5 na da. Shi dai itanol ana tatso shi ne daga alkama, masara ko rake, kuma gwamnati ta ce wannan gauraye zai rage hayaƙin da ke ɗumama duniya da tan 750,000 kowace shekara.

To, amma fa ba kowane inji ne ke karɓar wannan mai ba. Motocin da aka ƙera daga 2011 zuwa yau ba su da damuwa, tsofaffi ne abin ya shafa. Itanol yana janyo laima daga iska, idan mota ta daɗe a ajiye sai ruwa ya kwanta a gindin tanki, tsatsa ta kama. Haka kuma yana cinye tiyon roba irin na da, ya lalata kafireta, har mai ya riƙa yoyo kusa da inji mai zafi.

Saboda haka tun 2019 doka ta tilasta wa gidajen man ƙasar manna alama a jikin kowane famfo. Da'ira tana nufin fetur, a cikinta an rubuta E5 ko E10, murabba'i kuwa na dizal ne. An kuma bar E5 a kasuwa domin masu tsofaffin motoci, sai dai ya fi tsada.

Wannan batu ya shafi Nijeriya, inda motocin gwanjo daga Turai suka cika hanyoyi, ga kuma ragowar Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur daga Beljiyam mai ɗauke da metanol, ɗan'uwan itanol, fiye da kima. Injuna suka lalace, dogayen layuka suka mamaye Abuja da Ikko. Direbobi ba su san abin da aka zuba musu ba sai da suka tsinci kansu a garejin bakanike.

Mai mota haya da ita yake ciyar da iyalinsa. Haƙƙinsa ne ya san abin da ke shiga tankinsa kafin ya biya kuɗi, domin rigakafi ya fi magani.