Tsargiya: Bashin da gulbi ke biyo masunta a tsufa

A ƙasar Tambuwal da Kebbe, duk namijin da ya tashi kusa da gulbin Zamfara ko tafkin Romo ya san tsargiya. Yaro zai yi fitsari ya ga jini a ƙarshensa, manya su ce ai ba komai, wasu ma su ɗauka alamar balaga ce. Wannan fahimta ita nake so mu sake dubawa, domin akwai dattawan da ke biyan farashinta a kan gadon jinya.

Cikinsu har da kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda na je dubiya makon jiya a ƙauyensu. Shi ya koya mini jefa birgi da ɗana mamari. Da rani, idan ruwa ya ja baya aka buɗe su, shi ke gaba da homarsa da gora, ina biye ina tattara tarwaɗa da karfasa da ƙurungu. Mukan wuni tsamo-tsamo cikin ruwa, mu dawo da almuru. Mutumin da ke cicciɓar taru shi kaɗai, yanzu sai an tallafe shi yake zama.

Na durƙusa na ce, “Kawu, sannunku da jiki.” Ya ce, “Da sauƙi, ɗana. Ka tuna balli ɗin nan da ya yage mana homa?” Muka yi dariya, amma tasa ba ta yi nisa ba saboda zafin mara. Likitoci a Sakkwato sun tabbatar da ciwon daji ne na mafitsara, kuma tambayar farko da suka yi masa ita ce ko ya taɓa fitsarin jini yana yaro.

Ba banza suka yi tambayar ba. Tun 1851 wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya gano tsutsar da ke haddasa tsargiya a birnin Alƙahira. Mai cutar ne ke zubar da ƙwayayenta idan ya yi fitsari a ruwa. Su ƙyanƙyashe su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, su yawaita, sannan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga wanka, wanki ko su. Tsutsar kan zauna shekaru a jijiyoyin jini, ƙwayayenta na maƙalewa a bangon mafitsara suna ƙwarzane shi. A 1994 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan cuta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Nijeriya kuwa tana sahun gaba a yawan masu ɗauke da ita.

Abin takaicin shi ne maganin yana nan, kuma ba ya da wuyar sha. Ƙwayar praziquantel ce, wadda kamfanin Merck ya fara bayarwa kyauta ta hannun hukumar tun 2007, ana raba ta musamman a makarantu. To ina ɗan masuncin da ke bakin gulbi lokacin da ake rabon? Ina almajiri? Ina uban nasu da ke shiga ruwa kullum?

Ba wanda zai raba Basarke da ruwa, domin nan abincinsa yake. Abin da za a iya shi ne a kai maganin mashaya da kasuwannin kifi, a sa Sarkin Ruwa da limamai cikin aikin, a haƙa rijiyoyin burtsatse da masai a ƙauyukan bakin gulbi. Mu kuma da muka yi karatu muka koma birni, mu riƙa tambayar ’ya’yan ’yan’uwanmu kalar fitsarinsu ba tare da jin nauyi ba.

Duniya ta ɗibar wa kanta 2030 don shawo kan tsargiya. Ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe na iya fara nasu tun wannan rani, kafin a buɗe su. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.