Dutsen da ya nutse kilomita 100 ya dawo

A yammacin tsaunukan Alfs, ɓangaren Italiya, akwai yankin da ake kira Dora Maira, inda ake samun ma'adinin ganet manya-manya, wasu faɗinsu ya kai santimita 20. A cikin irin wannan ganet ne wani Bafaranshe masanin duwatsu, Christian Chopin, ya ci karo da abin da ya girgiza abokan aikinsa a shekarar 1984: wata 'yar ƙwaya ta ma'adinin kowisit.

Kowisit da kwaz, wato farin dutsen nan da ya cika yashi, sinadarinsu ɗaya ne. Matsi ne ya raba su. Loring Coes ya fara haɗa kowisit a ɗakin gwaji a Amurka a 1953, kuma a cikin ƙasa ba ya samuwa sai an yi zurfin kusan kilomita 100. To ga shi ɓawon nahiya bai cika wuce kaurin kilomita 40 ba, kuma masana sun daɗe suna ganin ya yi sauƙin da ba zai nutse can ba. Sai ga shaida a hannu. Ƙwayar tana zaune cikin ganet, gefenta ya fara komawa kwaz, ya kumbura, ya tsattsaga ganet ɗin ta kowace fuska. A shekarar kuma David Smith ya ba da rahoton irinta a Nowe.

Kada mai karatu ya ɗauka duk yankin ne ya yi wannan nutso tare. Zirin duwatsun babban matsi jibge yake, falle kan falle, kowane da tarihinsa. Fallen da ke ɗauke da kowisit, Brossasco-Isasca, kaurinsa kusan kilomita 1 ne kacal, na samansa da na ƙasansa kuwa ba su taɓa kai zurfinsa ba. Daga yamma ga tsaunin Monviso, mafarin Kogin Po, wanda duwatsunsa gindin tsohuwar tekun Tetis ne. Lokacin da ƙaramin farantin Adiriya ya tunkuyi Turai, teku ta fara shigewa ƙasa, ta ja bakin nahiya ya bi ta. A hanyar dawowa ce waɗannan fallaye suka haɗu.

A nan aikin yake da wuya. Dutse mai zafi a ƙarƙashin matsi ba ya karyewa, lanƙwasa yake yi yana miƙewa, ma'adinansa su jeru fuska ɗaya. Kowane sabon motsi yakan shafe na baya, kamar allon almajiri da ake wankewa a sake rubutu. Saboda haka yawancin lanƙwasa da mutum zai gani a jikin dutsen labarin hawowa ne, musamman a iyakokin fallaye, inda gugar juna ta niƙe ƙwayoyi suka yi laushi. Labarin sauka sai a cikin ganet, domin shi da taurin kai yake, yakan riƙe ƙananan ma'adinan da ya haɗiye a jeren da ya same su. A ganina wannan ya isa ya sa a yi hattara da zanen tarihin tsauni da ake bugawa tsaf-tsaf, mataki ɗaya, biyu, uku: kashi mafi girma na rubutun farko ya wanke.

Awon shekaru ya nuna duwatsun Dora Maira sun kai ƙarshen zurfinsu kimanin shekara miliyan 35 da suka wuce, suka fara hawowa da saurin wajen santimita 3 a shekara. Ga dutse, wannan gudu ne. Sauƙinsu a kan abin da ke kewaye da su ne ya turo su sama, kuma da sun yi jinkiri cikin zafi, da kowisit ya koma kwaz gaba ɗaya.

Mu ma a Afirka ta Yamma ba a bar mu a baya ba. A 1994 Renaud Caby ya bayyana kowisit a yankin Gurma na ƙasar Mali, mai kimanin shekara miliyan 620, yana cikin mafi tsufa da aka sani a duniya. Zirin duwatsun Gurma ya gangaro ta Togo, ya ci gaba har arewa maso gabashin Brazil tun kafin Tekun Atlantika ta raba su. Karon nahiyoyin da ya samar da wannan zirin ne kuma ya narkar da duwatsun da suka daskare suka zama irin su Kufena a Zariya.