Gwajin ƙwaya kafin ɗaukar aiki: Abin da kofin fitsari ke nunawa da abin da yake ɓoyewa

A ƙarshen shekarar 2025 ne Ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya ya umarci manyan sakatarori da shugabannin hukumomi da su sanya gwajin shan miyagun ƙwayoyi cikin sharuɗɗan ɗaukar sababbin ma'aikata, tare da haɗin gwiwar hukumar NDLEA. Shugaban hukumar, Birgediya Janar Mohamed Buba Marwa mai ritaya, ya daɗe yana wannan kira tun hawansa kujerar a 2021, kuma kiran nasa ya haɗa da 'yan siyasa da ɗalibai. A Kano ma an riga an gwada 'yan takarar ƙananan hukumomi, har aka samu waɗanda sakamakon ya tona wa asiri.

Hujjar gwamnati ba ta da wuyar fahimta. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suka sha. Daga cikin wannan al'umma ake ɗauko direban minista, da mai riƙe da makullin baitulmali, da jami'in da ke rataye da bindiga. Ba wanda zai so ransa ko albashinsa ya kasance a hannun wanda ya bugu.

Sai dai takardar umarni ba ita ke yin gwajin ba. Wani ɗan kofin roba ne ke yi, da siririn tsinke da ake tsomawa cikin fitsari, sakamako ya fito cikin 'yan mintuna. Masana harhaɗa magunguna suna ɗaukar wannan a matsayin matakin tantancewa na farko kawai, domin tsinken yana gane kamannin sinadari ne, kuma kama da wane ba ta wane ba. An tabbatar a likitance cewa wasu magungunan mura da toshewar hanci kan fito kamar ƙwayoyin sa kuzari. Rifampicin, wanda masu tarin fuka ke sha tsawon watanni, yakan fito kamar dangin kodin. Efavirenz, wanda aka daɗe ana ba masu ɗauke da cutar ƙanjamau, yakan sa wasu tsinkaye su nuna tabar wiwi a jikin mutumin da bai taɓa kusantarta ba.

A nan ne batun ya fi tsauri. Matashiyar da wannan ya faɗa wa, ba ta da hanyar wanke kanta sai ta bayyana ciwon da take ɓoyewa, alhali dokar hana nuna bambanci ga masu cutar ƙanjamau ta 2014 ta haramta sanya gwajin cutar a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Idan ta yi shiru, ta rasa aikin, an kuma laƙaba mata sunan 'yar ƙwaya. Idan ta yi magana a gaban kwamitin da ba na likitoci ba, sirrinta ya shiga fayil. Wanda ya san yadda fayil ke yawo daga tebur zuwa tebur a Sakatariyar Tarayya ya san cewa kafin la'asar masinja ma ya ji.

Amurka, wadda ta fara gwajin ma'aikatan tarayya bisa umarnin Shugaba Ronald Reagan na 1986, ta gina tsarinta ne a kan wannan fargaba. Ana raba fitsarin gida biyu, a rufe kowane da hatimi a gaban mai shi. In tsinken farko ya nuna wani abu, sai a tabbatar da shi da na'urar ɗakin gwaje-gwaje mai rarrabe sinadarai ɗaya bayan ɗaya. Daga nan wani likita na musamman zai tuntuɓi ma'aikacin a asirce ya ji irin magungunan da yake sha, kafin a sanar da ofishinsa komai. Wanda bai gamsu ba yana da damar neman a gwada kwalba ta biyu a wani wurin. Duk wannan kuɗi ne, kuma shi ne abin da aka fi saurin tsallakewa idan kasafi ya yi ƙaranci.

Akwai kuma abin da kofin ba ya gani. Tabar wiwi takan daɗe a fitsarin mai yawan shan ta har kusan wata guda, amma kodin da hodar iblis sukan ɓace cikin 'yan kwanaki. Tiramol, wanda ya addabi garuruwa da yawa, ba ya fitowa a tsinken dangin kodin na yau da kullum sai an nemi nasa na daban. Barasa kuwa awoyi kaɗan take yi a numfashi, ga shi dokar tarayya ba ta hana baligi shan ta ba. Saboda haka gwajin da aka sanar da ranarsa tun da wuri yakan kama wanda ya kasa haƙurin mako guda ne kawai, yayin da jami'in da ke dawowa daga hutun rana yana tangaɗi, mai shekara ashirin a bakin aiki, bai shiga lissafin umarnin ba. Shi ya sa a harkar sufurin jiragen sama ake yin gwajin ba-zata, ana haɗawa da na'urar busa numfashi.

Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin rukunin da ke buƙatar kariya ta musamman. Wannan ya ɗora wa kowace ma'aikata nauyin fayyace wanda zai ga sakamakon, da tsawon lokacin da za a ajiye shi, da kuma makomar wanda aka tabbatar yana sha: ko an rufe masa ƙofa ke nan har abada, ko zai iya sake nema bayan ya je cibiyar gyaran hali, irin waɗanda NDLEA da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya ke gudanarwa. Daraktocin kula da ma'aikata da hadimansu, waɗanda su ne za su rubuta sanarwar ɗaukar aiki ta gaba, su ke da alƙalamin saka waɗannan sharuɗɗa ko barin su.

Shi kuwa mai neman aiki, abin da ke hannunsa kaɗan ne, amma yana da amfani. Ya tafi wurin gwajin da katin asibitinsa da takardar likita ta duk maganin da yake sha, har da na tari da ya saya a kemis. Ya ga an rufe kwalbarsa an rubuta lambarsa a gabansa. In sakamakon ya zo ba yadda ya zata ba, ya nemi gwajin tabbatarwa a rubuce tun a ranar, kafin a zubar da fitsarin.