Kasuwar Portobello da Ma'abota Tsohon Tangaran

A yammacin birnin Landan, cikin unguwar Notting Hill, akwai wani dogon titi mai lanƙwasa da ake kira Portobello, wanda duk ranar Asabar yake cika maƙil da masu saye da sayarwa, tun daga kudancinsa inda 'yan kayan tarihi suke baje hajarsu, zuwa tsakiyarsa inda ake cinikin kayan marmari, har ƙarƙashin babbar gada inda 'yan gwanjo suke kasa tufafi. Tun kafin baƙi masu yawon buɗe ido su iso, da sassafe, dillalan kayan tarihi sun riga sun zazzaga rumfunan juna, domin galibi ciniki mafi tsoka tsakaninsu yake ƙarewa. Kayan kuwa, da farantai da butocin shayi da tambulan na gilashi, mafi yawansu daga gidajen da aka raba gado suke fitowa, ko daga ɗakunan gwanjo na ƙauyuka, inda magada kan sallamar da abin da kakanninsu suka adana ba tare da sanin ƙimarsa ba.

Wanda ya tsaya ya lura da ma'abota wannan sana'a, zai ga cewa jarinsu na haƙiƙa ilimi ne, kuɗi kuwa bayansa suke bi. Idan gwani ya ɗauki kofi, kafin ya dubi adonsa sai ya ɗaga shi ga haske, saboda tangaran na ainihi haske yana ratsa shi har a ga inuwar yatsu, alhali kuwa kwanon yumɓu, komai kyan fentinsa, ba ya barin haske ya wuce. Sa'an nan ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce: in lafiyayye ne sai ya yi amo mai tsawo, in kuwa akwai ɓoyayyar tsaga ko tsohon gyara, sai amon ya mutu nan take. Bayan wannan ne yake kifa shi ya karanta tambarin da ke gindinsa. Takubba biyu shuɗɗa a gicciye alamar masana'antar Meissen ce ta Jamus, wadda aka kafa a 1710. Tambari mai siffar lu'ulu'u na rajistar Ingila yana nuna zanen da aka yi wa rajista tsakanin 1842 da 1883. Kalmar Nippon kuwa tana nuni ga kayan Japan da aka fitar tsakanin 1891 da 1921, domin wata dokar haraji ta Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da kaya suka fito.

Amma duk da haka, masana ba sa ɗaukar tambari hujja yankakkiya. A wurinsu da'awa ce kurum, kuma kamar yadda alƙali ba ya yanke hukunci da faɗar mai ƙara sai ya kawo shaidu, haka su ma sai nauyin abin da launin ƙasarsa da salon zanensa da zaizayar gindinsa sun yi ittifaƙi kafin su gaskata. Dalili kuwa shi ne, an daɗe ana kwaikwayon takubban Meissen, kuma maginan birnin Jingdezhen na ƙasar Sin sun saba rubuta sunan zamanin wani sarki da ya shuɗe a gindin sabon faranti, sau da yawa don girmama magabata, har ya zama sunan sarkin daular Ming a kan kwano bai isa ya tabbatar da shekarunsa ba.

Gilashi ya fi wuyar tahaƙiƙi, domin akasarinsa ba shi da tambari ko kaɗan. A nan sai gwani ya shafa gindin tambulan yana neman tabon da sandar maƙeri ta bari lokacin da aka ɓalle shi, wanda yake shaidar cewa da baki aka hura shi. In kuwa ya ji siririn layi ya bi gefensa daga sama zuwa ƙasa, ya san zubi ne. Gilashin da aka gauraya da darma, irin wanda George Ravenscroft ya shahara da shi a Landan tun wajen 1674, ya fi nauyi a hannu, ya fi ƙyalli, amonsa kuma ya fi daɗewa. Wasu dillalan har ƙaramar tocila mai haske na musamman suke riƙewa, saboda gilashin da aka rina da yuraniyam yakan yi walƙiya kore shar a ƙarƙashinta, gyaran da aka ɓoye a jikin tangaran kuma yakan tonu.

Abin da ya fi cancantar yabo a wannan kasuwa, a ganina, shi ne dillalin da ilminsa ya haɗu da amana, wanda zai nuna wa mai saye tsagar da idonsa bai kai gare ta ba tun kafin a yi tayi. Malamanmu na fiƙihu sun wajabta wa mai sayarwa bayyana aibin hajarsa, kuma ko a inda ba a karanta littattafansu, tajiriba ta koya wa 'yan kasuwa cewa wanda ya sayar da jabu riba ɗaya yake ci, wanda ya faɗi gaskiya kuwa shi ake komawa wurinsa shekara da shekaru, har 'ya'yan abokan cinikinsa su gaji hanyar rumfarsa.